Shari'ar Gawo: Wa Ke Shayar da Shi da Rani, Wa Ke Tuɓe Shi da Damina?

Ƙulin ƙulifita!

Na ji ka, gauta. To riƙe wannan. Mene ne abin da idan hadari ya haɗo, kwaɗi suka hana gari barci, kowane tsiro ya yi kore shar, shi sai ya tsaya fayau babu ganye ko na magani, har ka rantse ya mutu. In kuma ruwa ya ɗauke, hazo ya lulluɓe gari, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, a lokacin ne zai yi sabon toho, ya yi huda, har ya zuba 'ya'ya?

Duk wanda ya taɓa riƙe fartanya ya riga ni faɗa: gawo ne. Madalla. Sai dai suna kawai ka kawo, alƙali kuwa ba ya rufe shari'a da suna. Tambaya biyu ce a gabanmu. Wa ke shayar da gawo wata bakwai babu ɗigon ruwan sama? Wa kuma ke tuɓe shi daidai lokacin da ruwan ya wadata? Ruwa dai ba ya tsami banza.

Wudil na zaɓa don sauraron ƙarar, kuma da dalili. Gari ne da ke kimanin kilomita 40 daga birnin Kano a kan hanyar Maiduguri. Yana da makarantar horar da hafsoshin 'yan sanda, yana da jami'ar kimiyya da fasaha wadda tun 2022 take ɗauke da sunan Aliko Dangote. Inda masu bincike iri biyu suka haɗu, ai bai kamata bishiya ta gagara ba. Ka ƙetare gada cikin watan Janairu, ka miƙi hanyar Gaya ko ta Kachako, ka dubi gonaki. An kwashe amfani, an tattara kara, ƙasa ta yi fari fat. Kuka ta zubar da ganyenta, ta bar rassa a sama. A tsakiyar wannan fili kuwa, ga gawo nan ɗaya-ɗaya, kowanne da lemarsa ta kore, shanu na tuƙa a inuwarsa. Ka dawo cikin Agusta, gero ya shanye tsawon mutum, sai ka tarar da gawon nan ƙaya zalla.

Na san abin da za ka ce. Ai darbejiya ma kore take da rani, haka tsamiya, haka mangwaro. Gaskiyarka. Amma waɗannan kore suke rani da damina; juriya ce kawai suka iya. Gawo ba juriya yake yi ba, kalanda ya juya baya. Wanda ya juya kalanda kuwa, akwai wanda ya ɗaure masa gindi.

Wanda muka fara kamawa ba ya buƙatar nema, don a ƙarƙashin gada yake kwance. Kogi ne. Kogin Kano da na Challawa suna haɗuwa kafin su iso Wudil, daga nan ruwan ya nausa Haɗeja. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ana sakin ruwa ko da rani, masunta na jefa koma, masu noman rani na ban ruwa, masu ɗiban yashi na loda motoci. Bishiyar da ke maƙwabtaka da irin wannan arziki, me zai hana ta yin kore? Biri ya yi kama da mutum.

Sai shaidu suka fara rushe tuhumar. Na farko, kukar da ke bakin kogin ita ma tana ganin ruwan, amma tsirara take kwana duk hunturu. Na biyu ya fi ƙarfi. Bar Wudil ka yi arewa, Ɓaɓura, Daura, ka shiga Nijar ta Magarya ko Matamaye, inda za ka yi tafiya mai nisa a kan jigawa ba ka ga ruwa mai gudu ba. A can gawo ya fi yawa, kuma a can ma kore yake cikin Janairu. Na uku, gawo ya girmi Tiga nesa ba kusa ba, kuma kakanninmu sun san shi da wannan hali. Dole muka sallami kogi. Amma na ce kada ya yi nisa, don akwai abin da bai faɗa ba.

Ta biyu a layi ita ce raɓa. Wani ɗan'uwa mai son kimiyya ya kawo wannan shawara: ganyen gawo ƙanana ne ƙwarai, jere a kan tsinke, ƙila da su yake tatsar danshin asuba. Maganar ta yi daɗin ji. Da kaka, cikin Oktoba, in ka ratsa gona da sassafe wandonka zai jiƙe har gwiwa. To amma ina raɓa cikin Janairu da Fabrairu? Iskar hunturu daga Sahara take tasowa, a bushe ƙayau. Da rana danshin iska a ƙasar Kano yakan faɗi ƙasa da kashi 20 cikin 100. Iskar da ke busar da wanki kafin a gama shanya, ita ce za ta shayar da bishiyar da kan kai tsawon mita 20 ko fiye? Hunturu karɓa yake yi, ba ya bayarwa. Raɓa ta tafi gida ko beli ba a nema ba.

Na uku ya fi su wayo: ajiya. Wataƙila gawo ɓoye ruwa yake yi a cikinsa da damina, ya riƙa tsakura da rani. Akwai mai irin wannan dabara a unguwar, wato kuka. Jikinta taushi gare shi, cike da ruwa, shi ya sa ba a sassaƙa turmi da ita. Sai dai a nan ne maganar ta kife. Kuka, duk da wannan tulin ajiya, ba ta yarda ta riƙe ganye da rani, domin ganye ƙofar fitar ruwa ne. Kowane ganye kore yana sakin tururi muddin rana na sama. Mai ajiya rufe ƙofa yake yi. Gawo kuwa buɗe ƙofofi dubbai yake yi, a watannin da iska ta fi ƙishirwa, ga shi itacensa busasshe ne har ana sassaƙa turmi da akushi da shi. Wanda ke kashewa haka kullum ba daga asusu yake ɗiba ba. Shigowa ake yi masa da sabo. Ta ina?

Da tambaya ta farko ta ƙi ci, sai na juya ga ta biyu, ko a can bakin zaren yake. Wa ke tuɓe gawo da damina? A nan akwai wanda kowa ke nuna wa yatsa. Ranar Juma'a kasuwar Wudil take ci, kuma kararta na cikin manyan kasuwannin shanu na arewa. Duk wanda ya san bazara ya san abin da makiyayi ke yi idan ciyawa ta ƙare: ya hau gawo da barandami, ya sassaro rassa, dabbobi su yi caa a ƙasa. To ba shi ke nan ba? An aske bishiya cikin Afrilu da Mayu, damina ta same ta ba komai a ka.

Na sami wani dattijon Bafulatani a gefen kara, na gaishe shi, na karanta masa tuhuma. Ya yi dariya har sandarsa ta faɗi.

"Malam, a gari aka haife ka ko?"

"A gari ne, Baffa."

"To je ka maƙabarta, ko cikin shingen makaranta, inda ba mai hawa. Ka dubi gawon wurin da damina. In ka ga ganye, dawo in ba ka saniya."

Ban sami saniya ba. Gawon da ƙarfe bai taɓa taɓawa ba, shi ya fi kowanne tuɓewa tas. Abin da ya fi ɗaure kai ma, wanda aka sassare da bazara shi ne sau da yawa za ka gani da ɗan sabon toho a cikin damina, yana ƙoƙarin mayar da abin da ya rasa. Wato barandami ba ya haddasa wannan hali, ɓata shi ma yake yi. Makiyayi ya fita. Ta leƙo ta koma.

Huɗu ke nan sun kuɓuta. Saura me?

Saura maganar dattawa. Wani tsohon manomi a wani ƙauye kudu da Wudil ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ɗan nan, kana wahalar da kanka. Gawo gardama gare shi. Ruwan sama ne ba ya sha."

"To Baba, wanne yake sha?"

Bai amsa ba. Ya ja ni gefen gona, ya nuna mini wani ɗan tsiro mai ƙaya, tsawonsa bai wuce taƙi ɗaya ba. Ya miƙo mini fartanya.

"Tono mini shi da saiwarsa. Kada ka tsinka."

Abin wasa. Na sara, na kwashe ƙasa. Saiwa ɗaya ce, siririya, ta miƙe ƙasa sak. Na ƙara tonawa. Tana nan. Rami ya kai gwiwar hannu. Tana nan. Ya kai kafaɗa. Na kwanta rub da ciki, na zura yatsu. Ba ta yi reshe ba. Ba ta karkace ba. Ba ta ƙare ba.

Baba ya karɓi fartanyarsa. "Wannan na bana ne," in ji shi. "Je ka tambayi masu haƙa rijiya labarin uwarsa."

Mai haƙar rijiya ba ya son dogon zance, aikinsa ya koya masa tattalin numfashi. Na tambaye shi abin da yake gamuwa da shi a ƙasa. Ya ce da fari baƙar ƙasa da saiwoyin ciyawa. Gaba ɗaya, sun ƙare. Sai jar ƙasa, da saiwar wannan bishiya da waccan. Gaba biyu, gaba uku, su ma sun sare. Sai marmara. Sai duhu. Sai shiru.

"Daga nan babu sauran mai rai?"

"In akwai gawo kusa, akwai."

"Har ina?"

"Har inda zan tsaya."

"Ina kake tsayawa?"

Ya dube ni, ya ga da gaske nake. Ya ce, "Malam, mai haƙar rijiya a ina yake tsayawa? A kan ruwa."

To ga shi. Gawo rijiya gare shi.

Bari mu zauna a nan, don wurin ya cancanci zama. Ruwan da sama ke zubarwa a ƙasar Kano, kimanin milimita 800 a shekara, kashi-kashi yake rabuwa. Wani ya gudu zuwa kogi, wani rana ta ɗauke, wani gero da dawa su sha. Ragowar kuwa tsiyaya yake yi a hankali, ya ratsa yashi da tsakuwa da ruɓaɓɓen dutse, har ya taru a can ƙasa inda rana ba ta kai hannu. Shi ne ruwan da guga ke tarar da shi. Yawancin tsirrai ba su san da shi ba, domin saiwarsu a sama-sama take kiwo. Gawo kuwa tun ranar da ya tsaga ƙwaya wurin ya nufa. Kafin ya damu da tsawo, sai ya fara neman zurfi. Shi ya sa ɗan taƙi ɗaya ya gagari hannuna.

Amma maganar shaida ɗaya ba ta isa hukunci ba. Ganin saiwa a bakin ruwa daban, tabbatar da cewa shi ake sha daban. A nan masana suka yi wata dabara da ta cancanci a koyar da ita a makarantar 'yan sanda. Ruwa ba duka ɗaya ba ne. A cikin iskar oksijin da ke jikinsa akwai mai ɗan nauyi, akwai marar nauyi. Ruwan da ke kusa da doron ƙasa rana na yi masa tankaɗe, tana kwashe marar nauyin, ta bar mai nauyin. Na can ƙasa kuwa ba abin da ya taɓa shi. Saboda haka kowane ruwa da alamarsa, kamar yadda kowane garke ke da irin tsagar kunnen da mai shi zai gane saniyarsa ko a tsakiyar karar Wudil. Saiwa kuma ba ta goge wannan alama in ta sha.

A wani bincike da aka buga a 1999, Olivier Roupsard da abokan aikinsa sun bi gawon wani ƙauye mai suna Dossi a Burkina Faso. Sun tona, sun tarar saiwoyi sun ratsa ruɓaɓɓen dutse har zurfin mita 7, ba su ɓace ba sai a bakin ruwan ƙasa. Sannan suka tatsi ruwan jikin bishiyar, suka gwada alamarsa da ta ruwan sama-sama da ta ruwan ƙasa. Kusan duk shekara, alamar ta ƙasa ce. An kama shi da kaya a hannu. A Senegal kuwa, tun 1992 wasu masanan suka huda ƙasa a gindin gawo a yankin Sahel, suka yi ta samun ƙwayoyin halittar da ke zama tare da saiwarsa har zurfin mita 34, inda ruwan wurin yake. Mita 34. Ka ɗora bene hawa goma, ka kifa shi cikin ƙasa.

Yanzu ka gane abin da ya sa na ce kogi kada ya yi nisa. Ba shi ke miƙa wa gawo ruwa baki da baki ba, amma shi da fadamunsa suna cikin masu ciyar da ruwan ƙasa. Kusa da su rijiya ba ta da zurfi, gawo ba ya shan wahalar nema. A jigawa kuwa sai ya yi doguwar tafiya. Kogi ɗan rakiya ne, ba shi ne uban tafiya ba.

Sai kalanda. Tambayi duk matar da ke jan guga: yaushe igiya ke gajarta? Ƙarshen damina, Satumba zuwa Oktoba, lokacin da rijiya ta cika. Yaushe ake ƙara igiya, ake kiran masu yasa? Bazara, Afrilu zuwa farkon Yuni. Ruwan da ya sauka cikin Yuli da Agusta ba ya isa ƙasa ran da ya zuba, sai ya ɗauki makonni yana tsiyaya. To yaushe gawo ke sabon toho? Ƙarshen damina. Daidai lokacin da rijiya ta cika. Ashe bai juya kalanda ba. Tasa daminar ce ke isowa a makare, ta ƙarƙashin ƙasa, lokacin da tamu ke ban kwana.

Tambaya ta farko ta faɗi. Amma tsugune ba ta ƙare ba.

Wa ke tuɓe shi? Hankali zai ce ƙishirwa: rijiya ta ja baya da bazara, bishiya ta gaji, ganye ya zube. Na so ƙwarai a ce haka ne, da mun tashi da wuri. Sai dai masu binciken Dossi sun lura da abin da ya hana. Gaskiya ne kaurin gangar jikin yakan daina ƙaruwa kafin rani ya ƙare, alamar wuya ta fara. Amma ganyen yana nan cif duk tsananin bazara. Ba ya zuba sai bayan ruwan fari ya sauka. Mai jin ƙishirwa ba ya jira a kawo ruwa sannan ya faɗi. Har wa yau, a kwanakin ruwan farin nan, alamar ruwan jikinsa takan karkata zuwa ta ruwan sama-sama. Wato yana kurɓa. Baba, a gafarce ni, gawo yana shan ruwan sama, a ɓoye.

Ba ƙishirwa ba. Ba barandami ba. Ba gardama ba. To wa?

Mu jera ayyukansa wata-wata, ko za a yi walƙiya. Oktoba, toho. Nuwamba zuwa Disamba, huda, farare masu ratsin rawaya, masu ƙamshi, a lokacin da furanni suka yi ƙaranci, ƙudan zuma ba su da wurin zuwa da ya fi nan. Janairu zuwa Maris, 'ya'ya, jajaye-jajaye, a murɗe, suna faɗowa ɗaya bayan ɗaya. Wa ke jira a ƙasa? Shanu, awaki, tumaki, raƙuma, a watannin da harawa ta yi tsada, ciyawa ta zama labari. Har tara 'ya'yan ake yi a buhu a kai kasuwa saboda masu kiwo. Ƙwayar da ke ciki kuwa ɓawonta tauri gare shi, ruwa ba ya ratsa shi da sauƙi. Wadda ta tsira daga haƙori sai ta bi ta cikin dabba, ɓawon ya yi laushi, ta fito a cikin kashi, nesa da uwarta, a naɗe cikin taki. Ta kwanta. Ta jira. Ruwan fari ya sauka. Ta tsaga.

Ka gani? Ranar da ruwan fari ya taɓa ƙasa, aikin gawo na shekara ya riga ya kammala. Ya yi huda ba abokin takara, ya yi 'ya'ya lokacin da masu ɗaukar masa iri suka fi yunwa, ya ajiye zuriyarsa a bakin damina. Ganyen da ya yi wata bakwai yana aiki cikin ƙura ya tsufa. Kowace bishiya mai zubar da ganye tana da lokacin hutunta; kuka ta ɗauki rani, domin da ruwan sama take aiki. Gawo da ruwan ƙasa yake aiki, sai ya ɗauki damina. Hukuncina ke nan: babu wanda ya tuɓe gawo. Tashi ya yi daga aiki.

Saura mutum ɗaya da bai shigo kotu ba, alhali shi ya fi kowa cin riba. Me ya sa gawo ya fi yawa a gona fiye da daji? Domin manomi ne ke sare sauran itatuwa ya ƙyale shi. Ganyen na zuba daidai lokacin shuka, ya ruɓe ya zama taki. Ƙwayoyin halittar nan na saiwarsa suna kamo sinadarin naitirojin daga iska, wanda muke saye da tsada a buhun yuriya. Dabbobin da suka yini a inuwarsa duk rani sun bar nasu kason. Sannan da damina ba ya tare wa gero rana, ba ya kuma yi masa rububin ruwan sama-sama. A Bambey ta Senegal an auna a 1965, aka ga geron gindin gawo ya ninka na fili kusan sau biyu da rabi.

Magabata ba su jira ma'auni ba. Ana ruwaito cewa sarakunan Damagaram na ƙarni na 19 sun sa doka mai tsanani, har ta kisa, a kan wanda ya sare gawo. A Maraɗi kuma, daga 1983, wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo ya haɗa kai da manoma wajen rainon tohon kututturan da ke gona maimakon ƙone su, abin da ake kira sassaben zamani. An ƙiyasta cewa hanyar ta farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, da bishiyoyi wajen miliyan 200. A yankin Magarya da Matamaye da Mirya, gawo ne ya fi yawa a cikinsu.

To mai gida fa, wanda ba gero ya dame shi ba, so yake tsakar gidansa ta yi kyan gani lokacin da gari ya yi furu-furu? Wannan buri ba namu kaɗai ba ne. A Turai da Amurka, inda sanyi ke tuɓe lambu, masu sha'awa na sayen wadannin itacen fayin, mai ganye tsinke-tsinke, irin mugo na tsaunukan Turai, wanda wasu nau'o'insa ba sa wuce ƙugun mutum, kuma in sanyi ya tsananta sai korensu ya koma ruwan zinare. Hotonsu na yawo a waya, ido na biyawa. Amma sirrinsu sanyin ƙanƙara ne, shi ke rage koren ganyen har rawayar ta bayyana. Ɗarin Wudil bai kai nan ba, zafin Afrilu mai kai digiri 40 kuwa ba zai bar su da rai ba. Fayin da ƙasar Najeriya ta karɓa, wanda aka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kuma tsaunin Jos, dogo ne na katako, asalinsa ƙasashe masu zafi, kuma ba ya sauya launi.

Kada kuma ka ce za ka mayar da gawo wada a cikin tukunya ko rabin duro. Ka ji shari'ar da kunnenka: duk asirinsa a saiwa yake. Ka toshe mata hanya, ta naɗe a gindin tukunya, ka kashe abin da ya sa shi gawo. Ko a gandun raino, in ya daɗe a leda saiwar kan murɗe, dashen ya zo da wuya. In tukunya kake so, nemi kariya. Gajeriya ce, gindinta a kumbure, kuma dabarar ajiyar da muka wanke gawo daga gare ta, ita ce sana'arta. Da rani takan zubar da ganye ta rufe kanta da furanni ja-ja masu ruwan hoda. Ƙasa mai yashi take so, da rana sosai, da ruwa kaɗan. Yawan ban ruwa ruɓar da ita yake yi. A kula dai, ruwan jikinta dafi ne, a nisanta ta da yara da awaki.

Shi kuwa gawo, fili za ka ba shi: gona, harabar makaranta, filin Idi, bakin hanya, nesa da katanga da masai. Ka tsinci ƙwayarsa a turken awaki, ko ka ɗan kankare gefen ɓawon da wuƙa, ko ka zuba mata ruwan zafi ta kwana a ciki. Ka shuka ta kai tsaye a inda za ta zauna, da farkon damina, taku goma sha biyu ko fiye tsakanin wannan da wancan. Ka kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi, ka riƙa rage rassan gefe har ya miƙe da ƙafa ɗaya. Shekarun farko zai yi ta ba ka haushi da rashin tsawo. Ka yi haƙuri, ka san inda yake aiki.

Mafi sauƙi ma, ba sai ka shuka ba. Shanu sun riga sun yi maka. Bana in ka fita sharar gona, ka ga ɗan tsiro mai fararen ƙayoyi bibbiyu, ɗaga fartanyarka ka wuce, ka kuma gaya wa yaran da ke taya ka su ƙyale shi. In kuwa wata shekara ka ga manyan gawon garinku sun fara bushewa daga sama da rani, alhali ba wanda ya sare su, kada ku tsaya zargin kogi ko makiyayi. Ku auna rijiyoyinku, ku ƙirga burtsatsen da aka haƙa a kewaye, ku kai maganar gaban mai gari da hukuma tun ruwan bai fi ƙarfin igiya ba.